Baka na Uku a Cocin Stowbeck

Ni mai dafa giya ce, Avice sunana, kuma a bangon cocinmu na Stowbeck, can sama inda aka zana ranar hisabi, akwai wata mai dafa giya da Shaiɗan ya goya zai kai ta wuta, tana riƙe da ƙoƙon awonta na ha'inci. Duk Lahadin duniya sai wani ya kalli zanen ya juyo ya kalle ni. Na gaji da gaya musu an yi shi tun kakata ba ta zo duniya ba, in ma da wadda aka nufa to ba ni ba ce. Amma ka san mutanen ƙauye. Wanda ya fi kowa kallon nawa ma shi ya fi kowa daɗewa a kan bencina.

Cocin nan ya girmi kowa da komai a garin. Bangon yamma an yi shi da wasu jajayen tubala sirara, an jera su a karkace kamar ƙayar kifi. Babu mai yin irinsu yanzu. Tsofaffi sun ce daga wani kango aka kwaso su, na mutanen da suka zauna a nan tun ba a san sunan Yesu a ƙasar ba. Can sama akwai 'yar taga guda, ko kan jariri ba zai wuce ta ba. Ƙofar kudu daga baya ta zo, zamanin da mutanen ƙetaren teku suka ci ƙasar. Kanta a zagaye yake, an sassaƙa masa haƙora layi a kan layi, da kawunan wasu tsuntsaye da suka kafa baki a dutse suna cizo. Ina ƙarama nakan sa musu yatsa in ga ko za su kama ni. Hasumiya kuwa kakana yana cikin waɗanda suka ɗauki dutsenta a kafaɗa. Kusa da ƙofa akwai kwarmin dutsen baftisma, gefensa ya lotsa saboda hannuwan da suka dafa shi. A ciki aka tsoma ni, aka tsoma ƙanwata Aldith, aka tsoma 'ya'yana huɗu.

A zamaninmu sai muka yi wa cocin yawa. Ranar Lahadi rabin gari a waje yake tsayawa, ruwa na dukansa, yana jin addu'a ta bakin na gaba. Aka yi shawara a ƙara sabon sashe a gefen arewa, kowane gida ya ba da gashin tumakinsa don a sayar a biya aikin, aka ɗauko magini daga nesa, wani gajere mai faɗin kafaɗa wai shi Gervase. Bai shekara a garin ba ya aure mini ƙanwa. Ban so ba da farko, don magini yau yana nan gobe yana wata ƙasa. Amma mutum ne mai dariya, ga shi ba ya barin komai a kwano, kuma ni duk mai cinye girkina na gama yafe masa.

Yadda ya yi aikin har yau yana ɗaure mini kai. Bai rushe komai ba. Ya fara gina sabon bango a waje, ya yi masa rufi, sannan ya juyo kan tsohon bangon, wanda kaurinsa ya kai mutum ya kwanta a kai ya miƙe. Ya huda shi wuri uku, ɗaya bayan ɗaya, ya kafa ginshiƙai, ya ɗaura musu baka, irin bakan gizon nan na magina, sai dai nasa na dutse ne mai tsini a sama. Duk tsawon lokacin nan tsohon bango da rufin cocin suna can a bisa kanmu, mu kuma muna addu'a a ƙasa.

Baka ba ya tsayawa sai an gama shi. Don haka Baba Hamo kafinta yakan fara haɗa ƙwarangwal na katako mai siffar bakan, a ɗora shi a kan sanduna huɗu masu kauri, a ƙarƙashin kowace sanda a cusa weji, wato guntun katako mai siririn baki. A kan ƙwarangwal ɗin ake jera duwatsu daga dama da hagu har su haɗu a sama, a saka na ƙarshe wanda ke kulle sauran. In ginin ya sha iska, sai a bubbuge weji a hankali, katako ya sauka, dutse ya ɗauki nauyin kansa. Ko kuma ya ƙi ɗauka. Gervase ya zo mana da al'adar maginan da suka koya masa aiki: wanda ya saka dutsen kullewa shi ke tsayawa a ƙarƙashi ranar da za a sauke katako.

Na ga ya yi haka sau biyu, da guntun burodi da albasa a hannu, yana tauna. A na farko da ya fito ƙura ta yi masa fari a gashi, na tare shi.

Na ce, "Kai wai ba ka da hankali ne? In ya rufto maka fa, wa zai riƙe mini Aldith?"

Ya ce, "Yaya Avice, in ni ban tsaya ba, da wane ido zan ce ki kawo 'ya'yanki su durƙusa a nan?" Ya miƙo mini sauran albasar. "Ci, ki huce."

Yana kan baka na uku annoba ta shigo.

Ba na son dogon zance a kan wannan. Ta shigo ta gidan mai jimar fata, kafin a yi girbi ta zagaye gari. Mijina ya tafi, 'ya'yana suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, ƙaramar ce ta ƙarshe. Limamin cocinmu ya binne mutane har ranar da aka binne shi. Aka daina kaɗa ƙararrawa don babu mai ƙarfin jan igiya. Hatsi ya ruɓe a gona, shanu suna yawo a titi suna kuka nono ya cika musu.

Da ciwon ya kama Gervase saura duwatsu uku a ƙasa, ya riga ya sassaƙa su ya yi wa kowanne alama. Yana kwance wuyansa a kumbure, ba abin da ke bakinsa sai bakan nan, wai ba a barin baka da baki buɗe, zai ture ginshiƙi. Aldith ta yi shekara da shekaru tana kwaɓa masa farar ƙasa da yashi, tana kallon hannunsa. Ta tashi ta je ta samu Baba Hamo, su biyu suka ja duwatsun da igiya, ta hau sama ta zaunar da su, ta saka na kullewa da hannunta. Ta sauko da gudu ta gaya masa. Ta tarar ya cika.

Daga nan ƙwarangwal ɗin ya tsaya a inda yake. Babu wanda ya yi ƙarfin halin taɓa shi, maginan da suka tsira kuma duk sun tafi manyan birane. Muka toshe tagogin sabon sashe da tabarmin kara don sanyi, wurin ya yi duhu, aka ja igiya a tsakani. Mu 'yan tsirarun da muka rage muka riƙa cunkushewa a bakin ƙofar kudu, ido ɗaya a kan bagade, teburin da limami ke tsayawa a gabansa, ido ɗaya a kan hanyar gudu. Hunturu ya zo ya wuce, wani ya sake zuwa ya wuce, na uku ma haka.

Rannan da hantsi Baba Hamo ya zo ya zauna a bencina, ya ƙi karɓar ƙoƙo. Nan na san ruwa ba ya tsami banza.

Ya ce, "Avice, katakon nan ya gaji. Na shiga da fitila, sanda ɗaya ta ruɓe daga ƙasa, ta fara karkata. In ta zame ita kaɗai ta gefe guda, za ta murɗe bakan, bango ya biyo shi, rufi ya biyo bango."

Ranar Lahadi bayan addu'a aka tsaya a shirayin ƙofa aka yi maganar. Fada Wymond ne ya buɗe ta. Shi a da makiyayi ne, matarsa ta rasu a annoba, bishop, shugaban limaman yankin, ya ɗora masa hannu ya naɗa shi don babu limamai. Latinancin da yake addu'a da shi ko tumakinsa ba za su yarda da shi ba, amma zuciyarsa fara ce.

Ya ce, "Jama'a, hanya biyu ce. Ko a sauke katako a ga abin da Allah zai yi, ko a cike ramin da duwatsu da laka har sama, a binne katakon a ciki, bango ya koma bango."

Ranulf mai niƙa ya ce, "A cike kawai, Fada. Mu nawa ne ma? Rabin cocin ya ishe mu har mu yi rawa a ciki. Kuma tsakani da Allah, dutsen da mace ta ɗora tana kuka? Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo."

Na ce, "Kai kuma dutsen niƙanka da namiji ya ɗora, me ya hana shi cika mana gari da tsakuwa?"

Aka yi dariya, shi ma ya yi. Amma a raina ina bayansa. Ina so a cike ramin a huta.

Aldith tana jingine da ƙofa har kowa ya gama. Sannan ta ce, "Ba za a binne wa Gervase aikinsa ba. An binne shi a rami ɗaya da mutum goma ba ko akwati, ya isa. A sauke katako. Ni na saka dutsen, ni zan tsaya."

Fada Wymond ya ce, "'Yata, wannan al'adar magina ce, ba ta hau kanki ba."

Ta ce, "Da na hau sama ba wanda ya ce bai hau kaina ba."

Baba Hamo ya sunkuyar da kai ya ce gaskiya ta faɗa, shi dai ba zai buga weji ba sai mai dutse yana ƙasa, haka ya gani haka zai yi. Tsoho ne mai taurin kai, na so in kwaɗa masa ƙoƙo a ka.

A gida na sauke mata kwandon masifa. Tun bayan annoba ɗakinmu ɗaya, gadonmu ɗaya, don ni ba na iya kwana a inda 'ya'yana suka kwanta.

Na ce, "Ke Aldith, ki dube ni. Wa ya rage mini? Uwa ɗaya uba ɗaya, duk duniyar nan ke kaɗai ce. Don dutse za ki bar ni?"

Ta ce, "Yaya, ba dutse ba ne."

"To mene ne? Cuku ne? Ke magina ce? Sau nawa kika taɓa ɗaura baka?"

"Sau ɗaya."

"To ki bari a sauke ba kowa a ƙasa. In ya tsaya ya tsaya, in ya faɗi mu share."

Ta girgiza kai. "In ba wanda ya tsaya, ko ya tsaya ba mai yarda da shi. Za su ci gaba da maƙalewa a bakin ƙofa har jikokinsu."

Na yi kuka, na yi zagi, na haɗa ta da kabarin uwarmu. Ta bar ni na gama, ta tashi ta juya sha'ir ɗin da na jiƙa. A kwanakin da suka biyo ta kai wa Baba Hamo kayan aikin Gervase, ta wanke duk abin da ke buƙatar wanki, ta je ta yi ikirarin zunubanta a gaban Fada. Na ɗauka taurin kai ne irin na gidanmu. Tsoro ya cika mini ciki har ba na gane ɗanɗanon giyar da nake dafawa.

Ranar ta zo da rana mai kyau, farkon bazara, itatuwa sun fara toho. Baba Hamo ya ce ba zai yi aiki a duhu ba, a ciccire tabarmin da ke tagogi. Aka ciccire.

Na daɗe ina shiga cocin nan, amma ban taɓa ganinsa ba sai ran nan. Haske ya kwararo ta sababbin tagogin, dogaye masu tsini, waɗanda Gervase ya raba kawunansu da siraran duwatsu masu lanƙwasa kamar rassan itace. Dutsen sabon sashe fari ne tas, ko hayaƙin kyandir bai taɓa shi ba. Hasken ya ratsa ta cikin bakuna biyun da aka gama ya faɗa tsohon ɗaki, ya taɓa wuraren da rana ba ta taɓa gani ba tun da aka yi su. Sai ga launi a bangon da muka ɗauka baƙi ne. Ashe akwai taurari a can ƙarƙashin rufi, ja da ruwan zinariya. Wani ya hau can ya zana su, ya san ba mai gani, ya mutu, jikokinsa ma suka mutu. Ginshiƙan kuwa sirara ne, mutum zai iya rungume ɗaya, amma ga bango mai nauyin gidaje goma zaune a kansu shiru. Tsigar jikina ta tashi.

Baka na uku yana can ƙarshe, wajen bagade, cike da baƙin katako da yanar gizo.

Jama'a suka tsaya a bakin ƙofa. Fada Wymond ya yi addu'a. Aldith ta ɗaga igiya ta wuce. Ta sa rigarta mai ruwan toka, ta ɗaure gashinta, ta shiga tsakanin sandunan nan huɗu ta tsaya, hannuwanta a gefe. Ba ta ɗaga kai ba. Ni ina bakin igiya, wata maƙwabciya ta riƙe mini hannu.

Baba Hamo ya durƙusa a gefe ɗaya da guduma, Ranulf a ɗaya gefen, don duk bakinsa ba matsoraci ba ne.

Baba Hamo ya ce, "Tare za mu buga, kaɗan-kaɗan. In ka ji ya yi nishi kada ka gudu, baka yakan yi nishi in zai zauna. In ka ji ya yi ƙara kuwa, to ba sai na gaya maka ba."

Ranulf ya ce, "Baba, in ya yi ƙara a gida za ka same ni."

Suka ɗaga guduma. Na ga ta Baba Hamo ta sauka, bugu ɗaya, mara ƙarfi, irin na ƙwanƙwasa ƙofa. Weji ya yi tsalle ya fita fit, ya bi daɓe yana sulɓi har gindin bagade. Na Ranulf ma haka. Ƙwarangwal ɗin gaba ɗaya ya yi wani irin kuka ya zauna ta gefe guda, ƙura ta turnuƙe, mata suka sa ihu, na ji ƙafafu suna rige-rigen fita.

Ban san lokacin da na fizge hannuna ba. Na dai tsinci kaina a cikin ƙurar, na cakumi Aldith ina ja, ita kuma ta kafe kamar turke. Da na ga ba za ta motsa ba sai na rungume ta na runtse ido. Na ce a raina to shi ke nan, a haɗa mu.

Muka jira. Ba abin da ya sauko sai ƙura.

Can na ji Baba Hamo yana tari. Ya rarrafa zuwa weji na uku, bai ko ɗauki guduma ba, ya sa yatsu biyu ya zare shi. Ya riƙe shi yana juyawa kamar bai taɓa ganin katako ba.

Ya ce, "Ranulf, zare wanda ya rage a gefenka da hannu."

Ranulf ya zare. Ya ce, "Baba, wannan ai ba komai a kansa."

"Kawo tsani."

Tsohon nan ya hau da kansa, ya zura hannu tsakanin katako da dutse, hannun ya shige har gwiwa. Ya lalubo wani abu ya sauko da shi a tafin hannu. Sheƙar ƙaramin tsuntsu ce, busasshiya, ta yi baƙi don daɗewa. A kanta kuma an ɗora wata, ita ma ta bushe, da ɓawon ƙwai a ciki.

Ya ce, "Ta bara ce wannan. Ta ƙasan kuma ta bara waccan." Ya share ido da bayan hannu. "Katakon ɗanye muka sa, don gaggawa. Ya bushe ya janye jikinsa tun tuni. Ba shi ke riƙe da dutsen ba, jama'a. Ba abin da ke riƙe da shi."

Waɗanda suka gudu suka fara dawowa ɗaya-ɗaya. Maza suka kama katakon suka warware shi, suka fitar da shi waje, ruɓaɓɓe, wani wurin yana marmashewa a hannu. Da aka janye na ƙarshe sai ga bakan a fili.

Na ɗaga kai. Duwatsu ne kawai, kowanne ya fi ƙarfin mutum ɗaya, sun taso daga dama sun taso daga hagu, sun karkata a kan iska, sun haɗu a sama. Babu ƙusa, babu igiya, babu sanda. A bisansu ga tsohon bangon mutanen da, ga rufi, ga darmar da aka lulluɓe shi da ita, duk a kan wofi. Na ga duwatsu ukun da Aldith ta ɗora, an gane su, don farar ƙasar da ke tsakaninsu ta ɗan zubo ta bushe ba a goge ba, har da sawun yatsunta. Tun muna jan gawa a kan ƙyauren ƙofa yake tsaye haka. Duk hunturun da muka yi muna maƙale a bakin ƙofa muna satar kallonsa, shi ya riga ya gama shawara da kansa, har tsuntsu ya sani ya yi ƙwai a wurin. Tsoro ya kama ni, amma ba irin na ɗazu ba. Irin wanda ke sa mutum ya rage murya ne.

Ranulf ya cire hula. Ya zo gaban Aldith ya rusuna, ya je ya tsaya a ƙarƙashin bakan shi ma. Sauran suka bi shi, suna ratsawa suna dawowa kamar yara, suna shafa ginshiƙi. Fada Wymond ya fara wa'azi a kan abin, yadda duwatsu suke da yadda mutane suke, na ce masa, "Fada, don Allah bar shi haka, kada ka ɓata." Ya tafi ya kama igiyar ƙararrawa da kansa. Jama'a suka bi shi waje.

Aka bar mu mu biyu. Aldith ta sulale ta zauna a daɓe, daidai inda ta tsaya. Na jira in ga murna a fuskarta, ban gani ba. Fuskar wadda ta yi shirin tafiya ce ta fito ta tarar ayari ya wuce.

Ta ce, "Yaya."

"Na'am."

"Na ɗauka yau zan tafi."

Sai a lokacin na gane wankin nan da ikirarin nan. Na so in mare ta, na rantse da Allah na so, har hannuna ya ɗaga. Sai na ga yadda ta rame, wuyanta kamar na kaza, ni kuma gado ɗaya muke kwana ban lura ba.

Na ce, "Kin so ya faɗo?"

Ta ce, "Ban so ya faɗo ba, aikinsa ne. Ban kuma so in fito ba. Na rasa yadda zan haɗa biyun, sai na ce bari in tsaya a bar wa dutse ya zaɓa."

"To ya zaɓa. Tun kafin ki tambaye shi ma."

Ta ɗaga kai, karo na farko a ranar. Ta daɗe tana kallo. Na ga idonta yana bin duwatsun ɗaya bayan ɗaya, daga gindin ginshiƙi har sama.

Ta ce a hankali, "Ko ɗan yatsa bai goce ba. Hannuna na rawa na ɗora shi, ko gani ba na yi sosai. Ina can ina wanke gawarsa, wannan yana nan yana kamawa."

"Haka ne."

"To yanzu yaya zan yi da gobe, Yaya?"

Na ce, "Ban sani ba. Ni ma kullum da safe sai na tambayi kaina."

Na zauna kusa da ita. Ƙararrawa tana kaɗawa a bisa hasumiya, ba a kan tsari ba, don Fada bai iya ba, kuma duk bugu ɗaya ina jin sa a daɓe yana shiga ƙashina. Bakan bai ko zubo da ƙura ba. Ta jingina kanta a kafaɗata ta yi kuka, irin mai sauti, har ya cika sabon sashen. Ban hana ta ba. Sanyin dutse ya ratsa mini zani, ƙafata ta mutu, ban motsa ba. Hasken taga ya taso daga ƙafafunmu ya hau cinyarmu ya wuce.

Da rana ta yi tsaka ta share fuska da gefen riga, ta ja majina.

Ta ce, "Yaya, akwai sauran faten waken jiya? Yunwa nake ji."

Rabon da in ji wannan maganar a bakinta tun kafin annoba. Na ce akwai, ko da yake babu, na miƙe na ba ta hannu.